Edita, a daina yi wa wasannin tseren mota kuɗin goro

Assalamu alaikum Edita, barka da aiki, Allah ya ƙara basira.

Ni mai gidan gem ne a Kaduna, shekara 13 kenan ina wannan sana'a, kafin nan ma ni ɗan bin gidan gem ne tun zamanin PlayStation ta farko. Na karanta rubutun da kuka buga kwanakin baya kan samarin da ke ganganci da mota a wajen biki, kuma wallahi na yarda da kusan duk abin da marubucin ya faɗa, don nima na taɓa zuwa jana'izar yaron da irin wannan haukan ya yi ajalinsa. Inda muka rabu dashi shine inda ya ce wasannin gem na tseren mota da ake dukan juna su ke koya wa yara wannan ɗabi'a, har yana kira a hana su gaba ɗaya. Toh anan ne nace bari in ɗan yi magana, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Da farko dai ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Akwai wanda ko ni ban yarda yaro ya taɓa ba. Carmageddon da ya fito a 1997, ka taka mai tafiya a ƙasa a baka maki da ƙarin lokaci, abin har Turawan da suka yi shi sai da ya tayar musu da hankali, a Ingila sai da aka canza mutanen suka koma gawarwaki masu tafiya da koren jini kafin a bari a sayar, a Jamus kuma aka maida su mutum-mutumi. Twisted Metal ma da Sony ta fara fitarwa a 1995, mai motar askirim ɗin nan da ɗan kama mai wuta a kai, na PlayStation 2 (PS2) ɗinsa wato Black na 2001 harafin M ne a jikin kwalinsa, ma'ana na manya ne, kuma a shagona ba na kunna wa yaro shi ko nawa zai biya. Wannan alamar shekaru tana nan a jikin kowane kwali, ta Amurka haruffa ce ta Turai kuma lamba, 3, 7, 12, 16, 18, amma iyaye nawa ne suka taɓa dubawa?

Amma dan Allah a ce Crash Team Racing yana koya wa yaro kisa? Wasan da kamfanin Naughty Dog suka yi a 1999, dabbobin katun a kan ƴan ƙananan motoci suna jifan juna da kwalba da akwatin TNT da roka, wanda aka buga ya wuntsila sama ya dawo ya ci gaba da gudu. Mu da muka taso da shi mun san abin da ya yi mana. Lokacin in mai shago yana da ƴar na'urar nan da ake ƙara hannu, wato abin da ake riƙewa a buga gem, mutum huɗu ne ke zama a benci ɗaya, allon tibi ya rabu gida huɗu kowa da kusurwarsa, tibin ma ƴar inci 14 mai ƙusumbi, wanda ya zo na ƙarshe ya miƙa hannu ga na layi. Kuma abin da yasa har yau nake ƙaunar irin wannan wasa shine baya wulaƙanta wanda bai iya ba. A ƙwallo in ka haɗu da gwani zai zura maka bakwai ka tashi kana jin kunya kuɗinka ya tafi, amma anan wasan da kansa an tsara shi yadda na baya ke samun makami mai ƙarfi na gaba kuma ya samu mai sauƙi, sai kaga ƙaramin yaro da yau ya fara riƙe hannu ya sako roka a kwanar ƙarshe ya kada yayansa ya wuce, shago ya kaure da ihu. Ban san wani wasa da ke zaunar da ɗan shekara 9 da ɗan shekara 25 su yi dariya tare kamar wannan ba.

Wanda ya fi tsaya min a rai shine Blur. Wani kamfani ne a Libaful mai suna Bizarre Creations ya yi shi, Activision ta fitar a watan Mayu 2010, suka ɗauko motoci na gaske irin BMW da Ford da Audi da Nissan suka haɗa musu makamai irin na wasan katun, kana iya riƙe guda uku a lokaci ɗaya, akwai mai bin mota, akwai nakiya, akwai garkuwa, akwai na gyara, akwai wanda ke sako tsawa a gaban masu jan ragama. Kuma ba danna maɓalli kawai bane kamar yadda mai kallo daga nesa zai zata, lissafi ne, in ka ga jan abu, wato makamin nan mai bin mota, ya biyo ka a madubi zaka zaɓa ko ka ƙona garkuwarka ko ka sako nakiya ta baya ta tare shi ka adana garkuwar don zagayen ƙarshe, duk cikin daƙiƙa ɗaya. Mutum huɗu a tibi ɗaya, a intanet kuma har 20. Har yau PS3 guda ɗaya na ajiye a shago saboda shi kaɗai, na gyara ta ya fi sau uku.

Kuma ka san me ya faru da waɗanda suka yi shi? Wasan bai yi kasuwa ba. A wata ɗaya suka fito shi da Split/Second, shima tseren mota ne da kake rusa gini da gada a kan abokan tsere, wanda Black Rock na garin Brighton suka yi wa Disney, kuma a wannan watan ne Red Dead Redemption ya fito ya kwashe hankalin kowa da kuɗin aljihunsa. A Fabrairun 2011 aka rufe Bizarre, a shekarar dai aka rufe Black Rock. Blur ɗin ma daga baya aka cire shi daga shagunan intanet, in ba tsohon faifai ka samu ba shikenan. Burnout kuwa, wanda na ukunsa Takedown na 2004 ya riƙe gidajen gem zamanin PS2, rabon da a yi babban sabo tun Paradise na 2008, sai kwaskwarimar da aka masa a 2018, masu yinsa Criterion aka maida su kan Need for Speed. Kaga kenan abin da marubucinku ke cewa a hana, masu kuɗin da ke buga shi sun riga sun yi watsi dashi da kansu. Wanda ya rage da ƙarfi Mario Kart ne, na 8 ɗinsa a na'urar Switch ta kamfanin Nintendo ya sayar da sama da miliyan 60, amma Nintendo ba ta cika yawa a wajenmu ba, mu ƴan PlayStation ne.

Zan faɗi gaskiya ko da ta taɓa sana'ata, Burnout yana baka ƙarin gudu in ka bi hannun da ba naka ba ko ka gifta mota dab da dab, kuma in babba ya zauna kusa da yaro ya kamata ya gaya masa cewa a titin gaske babu maɓallin sake farawa. Ni ina faɗa musu. Amma masu bin wan-we da muke gani kullum a gari, da direban da ke lodin mutum ya wuce ƙa'ida ya taka wuta a babbar hanya, yawancinsu basu taɓa riƙe hannun gem ba. Yaron da ke juya mota a wajen biki kuma ba gem ne ya bashi makulli ba, daga gida ya ɗauko, kuma manya na tsaye suna ɗaukarsa a waya suna masa kirari.

Abin da ya maye gurbin waɗannan wasanni shi ya fi damuna. Yanzu yaro na kwance shi kaɗai a ɗaki da waya yana buga tseren motar Asphalt, wai kyauta ne, amma man motar ya ƙare a ce ka jira ko ka biya, mota mai kyau sai ka tara kati ko ka saya, ga data na tafiya, babu wanda ke gefensa balle ya koyi haƙurin shan kaye a gaban mutane ya miƙa hannu a gaisa. A shaguna kuma ƙwallo ta cinye komai, kuma ba ɓoyayyen abu bane wasu wuraren ana ɗora kuɗi a kanta, daga nan sai shagon caca na gaba. Ni na hana wannan a wajena na kuma rasa kwastomomi saboda haka, ban yi nadama ba. Ban ce gidan gem masallaci bane, akwai masu barin yara da kayan makaranta su wuni, akwai waɗanda ko an kira sallah basa kashe inji, waɗannan a yi musu magana da babbar murya ina goyon baya.

Roƙona gareku Edita, kafin a sake buga irin wancan rubutu ku turo wakilinku ya zauna a gidan gem ko na awa biyu ne, ya tambayi masu shago me yara ke bugawa, ya ga bambancin wanda ke da 7 a kwali da mai 18, in da hali ma ku buɗe ɗan fili a jaridar da zai riƙa yi wa iyaye bayanin waɗannan alamomi da Hausa, don da yawa suna saya wa ƴaƴansu faifai ko su tura musu a waya basu san me ke ciki ba. In ya zo wajena ranar Asabar bayan la'asar zai tarar da wani bawan Allah tela da ke zuwa da ƴaƴansa uku, su huɗu su cika bencin Blur, ƙaramar cikinsu mace ce kuma ita ta fi iya ajiye nakiya a kwana. Hannu na biyar babu, amma zan sa ɗaya ya ɗaga masa ya gwada zagaye ɗaya.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Naku,
Mai gidan gem, Kaduna