Zuwa ga Babana da ke Abuja

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya. Ya aiki, ya haƙuri da garin mutane? Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Ƙafar Malam ta yi sauƙi, jiya har masallacin Juma'a ya taka da kansa. Auta ta gama jarrabawa, tana gaishe ka.

Na ɗauki biro ne saboda a waya ba ka barina in kai ƙarshen zance. Ina farawa sai ka ce, "Umma ba komai, ki kwantar da hankalinki," kafin in ankara kati ya ƙare. To ka samu wuri ka zauna, ka karanta wannan har ƙasa.

Ranar Talata Gwaggonka ta Gwammaja ta shigo da rana tsaka, ko mayafi ba ta cire ba ta miƙo mini wayarta. Saƙo ne da Turanci, Auta ta karanta mana. Sunanka ne cikakke da hotonka, wai ka ci bashi ka ƙi biya, duk wanda ya san ka ya ja maka kunne. Irin masu ba da rance ta waya ɗin nan ne, waɗanda sai sun kwashe lambobin da ke wayar mutum kafin su ba shi, ranar da ya makara su bi danginsa ɗaya bayan ɗaya. Na ce mata 'yan damfara ne, ta goge. Na faɗa ne don in rufa maka asiri, amma na gane hoton, da shaddar da ka sa a ƙaramar Sallah. Malam bai ji ba tukuna. Wa da wa kuma suka tura wa? Wannan tambayar ce ta hana ni barci kwana huɗu.

Na kira ɗan Kawunka da ya yi sati a wurinka. Kada ka ga laifinsa, ni na matsa masa. Ya ce tukunyar da na ba ka ranar tafiya tana nan cikin ledarta. Ya ce abinci sai dai a danna waya mai babur ya kawo a roba, yau shawarma, gobe kaza da dankalin Turawa, firji cike da lemon kwali. Ya ce turaren da ke kan teburinka kuɗinsa ya kusa na buhun masara.

Haba Babana. Saboda ciki za ka ci bashi? Da asibiti ne, ko kuɗin haya ya taso maka babu shiri, da na ce ƙaddara ce, mu haɗa hannu mu biya. Amma abin da za ka ci da daddare, gari ya waye yunwa ta dawo, shi za ka jinginar da sunan gidanku a kansa?

Na tuna Sallar bara da na ajiye maka ɗanwake da safe, ka ɗaga murfi ka ce, "Umma, har yanzu dai abincin nan?" Ka yi dariya, ni ma na taya ka, amma maganar ta zauna mini a ƙirji. Abincin nan shi ya kai ka jami'a. Kuɗin naman da ban saya ba su ne kuɗin littattafanka. Awara nake soya muku a madadin tsoka, zogalen bayan ɗaki nake tsinkewa in dafa in kwaɗa da ƙuli-ƙuli, ranar da aka samu sarari a yi garau-garau da mai da yaji har da ɗan latas a kai. Wanne daga cikinku ya taɓa kwana da yunwa? Wanne ya tashi da ƙashin wuya a waje? Ku biyar, kowa ƙato. In ka ji kunyar ƙunshin da nake ba ka zuwa makaranta a lokacin, ni ban ji ba, domin na san babu sisin kowa a cikinsa.

Kuma kada ka ɗauka don babu ne kawai. Wallahi ko yau ka ajiye mini kazar nan ta roba a gefe, ka ajiye tuwon dawa da miyar kuka wadda ta ji daddawa da busasshen kifi, hannuna tuwon zai nufa. Ka manta ne yadda ɗanwake ke tasowa saman tukunya, a tsame shi a ruwan sanyi, a kwarara man gyaɗan da aka soya da albasa yana ƙauri, a barbaɗa yaji? Kai ne mai tsayawa a bakin murhu da kwano tun ban gama tsamewa ba. Bikin 'yar maƙwabtanmu da aka yi a babban ɗakin taro, an jera abinci kala-kala wanda ko sunansa ban iya faɗa ba, na ɗan taɓa don kada a ce na ƙi, na dawo gida na ɗumama tuwon jiya da man shanu, sannan na ji na ci abinci. Haka jikina, shekara nawa sabulun salo da man kaɗanya nake shafawa, Malam kuma bai rabu da asuwaki ba, haƙoransa ga su nan reras.

Da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Agustan 2019, mata suka yi ta kuka wai shinkafa 'yar waje ta yi tsada, 'yar Hausa kuma tsakuwa. Ni ko a jikina, domin tun fil azal ta Kura nake saya. A rege ta a ƙwarya sau biyu, a wanke, shi ke nan, kuma ta fi gardi a baki. Mutane da yawa da suka koma mata dole, ba su sake barinta ba.

Na san zamani ya juya. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce an cire tallafin mai, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya har ta wuce 1,000, komai ya bi ta. Nan Kano har afafata mutane suka koma ci, kakkaryayyar shinkafar nan wadda da can kifi ake zuba wa. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, kuma akwai magidanta masu 'ya'ya shida da ke riƙe gida da shi. Kai kana ɗaukar fiye da haka, kai kaɗai, ba mata ba ɗa. Masu manyan motocin Maitama da Asokoro da kake hange ba sa'o'inka ba ne, kuma in suka gan ka da roba ɗaya da tasu ba za su ɗauke ka ɗan'uwa ba. Ka shiga Mararaba ko Dei-Dei, 'yan garinmu ne cike, ka auni wake da gero da mudu. Ka lissafa da kanka, kuɗin kawo maka abinci sau biyu kwana nawa zai ciyar da kai in ka kunna risho.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa hannuna ke rawa ba. Ka ci abin da ka ga dama in da kuɗinka ne, Allah bai haramta daɗi ba, ɓarna ya hana. Bashin ne, Babana. Bashin ne. Za ka ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Ni kada a faɗa mini wannan, domin na ga abin da ya yi. Kana shekara bakwai ranar da mutanen nan suka tsaya a zaure suna ɗaga murya, na tura ku ɗaki na rufe, na ƙure rediyo. Ka san inda keken ɗinkina ya tafi. Ka san dalilin da ya sa Malam ya yi shekara uku bai bi ta layin Kwari ba, kuma ka san abin da ya taɓa masa lafiya tun daga nan. Wancan ma na kasuwa ne, tsakanin mutanen da suka san juna, ana iya kai dattijo ya roƙa. Wannan naka wa za a roƙa? Ba fuska, ba zaure, sai ruwa da ke hauhawa kullum, kuma ka fi ni sanin hukuncin riba, kai da ka sauke Baƙara a gaban Malam. An kawo gawa gaban Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tambaya ko akwai bashi a kansa, aka ce akwai, bai sallace shi ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. Ina kwana ina tunanin hanyar nan da kake bi kullum zuwa aiki, in wani abu ya same ka, Allah ya kiyaye, da bashin shawarma za ka tafi?

In saƙon nan ya faɗa wayar Malam, ban san yadda zan yi da kai ba. Mutumin da ya yi shekara goma sha yana ɗinke sunansa, ka zo ka farke shi saboda kwaɗayi. Ban haife ka don haka ba, kuma ban yarda ba.

To, na faɗi abin da ke cikina. Na san ba lalacewa ka yi ba. Ka tashi daga aiki a gajiye, ɗaki shiru babu mai cewa sannu, abokai kowa na nuna nasa, dole zuciya ta raya maka. Kai ne yaron da ya kawo mini albashinsa na farko a ambulan, ya durƙusa ya ce in sa albarka. Ban manta ba, kuma albarkar tana nan.

Ka faɗa mini gaskiyar adadin, kada ka rage ko naira ɗaya. Ɗaukar adashina wata mai kamawa ce, kuma tunkiyar nan ta isa sayarwa. A biya su a rabu, ka goge abin daga wayarka a gaban ɗan Kawunka, sannan ka riƙa mayar mini kaɗan-kaɗan duk ƙarshen wata. Tsakanina da kai ne.

Na ba direban da ka sani saƙo, zai iso ranar Litinin da yamma, ka je tasha da kanka. Akwai garin ɗanwake na haɗa shi da kuka, kanwa na ƙulle daban, sai ka jiƙa kaɗan ka tace ruwan ka kwaɓa da shi. Akwai yaji, daddawa, ƙuli-ƙuli, busasshen zogale da gasarar koko. Man gyaɗan yana cikin jarka, ka duba murfin kada ya zube. Kada ka jefa ɗanwaken sai ruwa ya tafasa sosai, in ba haka ba zai narke maka. In ya gagara ka kira ni bayan Isha'i, lokacin Malam ya shiga ɗaki.

Allah ya yi maka albarka, ya rufa mana asiri.

Ummanka