Tauraruwa Mai Wutsiya: A Riƙa Faɗa Wa Jama'a Inda Za Su Duba Da Lokacin Dubawa

Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi tsokaci a kan yadda ake ba da labarin tauraruwa mai wutsiya.

Duk lokacin da wata ta kusanto, kamar NEOWISE a Yulin 2020 ko Tsuchinshan-ATLAS a Oktoban 2024, abin da kafofin labarai suke yi iri ɗaya ne. A ɗauko hoton da wani ya ɗauka da babbar kyamara, wutsiya zaƙaƙam, a rubuta a ƙasa cewa yau da dare za a gan ta. Mutane su fito tsakar gida bayan cin tuwo, ƙwan lantarki na haska musu ido, su ɗaga kai minti biyu, su koma ɗaki suna cewa zancen Turawa ne. Sau da yawa kuwa ta fito, ta kuma faɗi tun ba a kwashe tuwon ba. Ba rashin na'ura ke hana mutanenmu ganinta ba. Rashin sanin lokaci ne, da gefen da za a fuskanta, da kamannin abin da ake nema.

A fara da kamanni. Abin nan da ke tsaga sama cikin daƙiƙa ɗaya ya ɓace ba ita ba ce, ɗan tsakuwa ne ya shigo iskar duniya ya ƙone. Jerin fitilu da ke tafiya a layi bayan magariba kuma taurarin ɗan'adam ne na Starlink. Tauraruwa mai wutsiya tsaye take a ido. Tana fitowa tana faɗuwa tare da sauran taurari, sai gobe ka ga ta ɗan gusa daga inda take jiya. Asalinta curin ƙanƙara ne da ƙura, faɗinsa ƴan kilomitoci (na wata sananniya mai suna Halley tsawonsa wajen kilomita 15). In ya matso rana sai ƙanƙarar ta zama iska, ta fice da ƙura, ta yi masa lulluɓi. Wutsiya biyu ke fita daga nan: ta ƙura, fara mai ɗan lanƙwasa, da ta iskar gas, siririya miƙaƙƙiya mai shuɗi-shuɗi. Dukansu suna ba rana baya. Don haka da yamma, rana na ƙarƙashin yamma, wutsiya sama za ta nufa. Launin kore da ake gani a hotuna kyamara ce ke tara shi. Ido kan ga ɗan tabo fari-fari mai dishi-dishi, kamar ɗan curin auduga, kuma yawancinsu iyakarsu ke nan, ko wutsiyar ba a gani.

Sai lambar haske, wadda ita ya kamata a fara tambaya kafin a ɗaga wa kowa hankali. Ma'aunin a juye yake: ƙaramar lamba, haske mai yawa. Tsakanin lamba ɗaya da mai bi mata ninki biyu da rabi ne, tazarar lamba biyar kuma ninki 100. Ido lafiyayye a daji mai duhu yana kaiwa tauraro mai lamba 6. Amma hasken tauraro a ɗigo ɗaya yake, na mai wutsiya a baje yake, saboda haka in an ce tana lamba 6, da ido kaɗai a haƙura. Daga 4 zuwa ƙasa ne ake sa rai. Daga 5 zuwa 8 aikin madubin hangen nesa ne. Kuma hasashen masana a nan ba abin rantsuwa ba ne. An cika baki a kan wata mai suna Kohoutek a 1973, ta zo ba armashi. ISON ta wargaje da ta ratsa kusa da rana ranar 28 ga Nuwamban 2013. Holmes kuwa, wadda ba mai kula ta, a Oktoban 2007 ta tashi daga lamba 17 zuwa ƙasa da 3 cikin kwana biyu. Wadda ke zuwa karon farko takan yi saurin haske tun tana nesa saboda ƙanƙarar samanta mai saurin tashi, in wannan ta ƙare sai ta lafa. Ƙarama kuma zafi kan farfasa ta.

Yanzu lokaci, kuma a nan muna da kayan aiki biyu a hannu da ba mu lura da su ba.

Na farko lokutan salla. Cikakken duhu yana sauka ne in rana ta nutse digiri 18 ƙarƙashin inda take faɗuwa, wato daidai da ɓacewar shafaƙi, kusa da kiran lisha. Da safe kuma duhun yana ƙarewa da ketowar alfijir. A Tahoua, da ke wajen digiri 15 arewa da tsakiyar duniya, tazarar faɗuwar rana da cikakken duhu kimanin minti 75 ce. A tsakiyar Oktoba rana na faɗuwa wajen 6:20, duhu ya kankama wajen 7:30. To ga inda ake yin asara: sama na juyawa digiri 15 a kowace awa, kuma a wajenmu abin da ke yamma kusan a tsaye yake gangarawa. Masu wutsiya sun fi haske lokacin da suke kusa da rana, don haka ƙasa-ƙasa suke zama. Wadda ke digiri 30 a sama lokacin kiran magariba, kafin lisha ta sauko wajen digiri 12, bayan wasu minti 45 ta tafi. Wanda ya ce sai ya ci abinci ya sha shayi, ya makara. A fara nema minti 40 bayan faɗuwar rana. In ta asuba ce, a kasance a wurin awa ɗaya kafin kiran salla, a fuskanci gabas.

Na biyu lissafin watan Musulunci. Farin wata na kashe ta kamar yadda fitilun gari ke yi. Daren 14 wata na fitowa da faɗuwar rana, kullum kuma yana ƙara jinkirin kamar minti 50. Ta yamma, a neme ta daga 17 ga wata zuwa 3 ko 4 ga sabo. Ta asuba, daga tsayuwar wata zuwa 11, lokacin da yake faɗuwa kafin alfijir. Duk tsohuwar da ke ƙirga kwanan wata ta san wannan ba tare da manhaja ba.

Wurin da muke ma ya taimaka mana. Muna ganin samaniyar arewa duka da mafi yawan ta kudu, shafaƙinmu gajere ne, ba kamar arewacin Turai ba inda a Yuni dare ba ya yin duhu sosai. Abokiyar gabarmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu na kwaso ta daga Sahara, musamman kwarin Bodele na Chadi, ta kuma fi kauri a ƙasa-ƙasa, daidai inda ake nema. Ko a iska mai tsabta, hasken abin da ke digiri 10 yana ratsa iska ninki biyar da wani abu fiye da na tsakar ka, balle an yi hazo. Gwajin mai sauƙi ne: in rana ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba, a bar neman ta yamma ran nan. In kuma Kaza da ƴaƴanta na sama, a ƙirga. Wanda ya ga shida a rarrabe, samansa ta yi. Lokaci mafi kyau a ganina shi ne kaka, Oktoba zuwa farkon Nuwamba, sai kuma daren da ya biyo bayan ruwan damina in gari ya washe.

Ba sai an yi nisa ba. A fita gefen garin da tauraruwar take, domin hasken gari ya koma bayanka: in tana yamma, a tsaya yammacin gari. Kilomita uku zuwa biyar sun isa, ko wani tudu da babu itace a gabansa. Halin tsaro bai bar mu da yawon dare a daji ba, don haka a je a ƙungiya, wurin da aka sani, mai unguwa na da labari. A sa takalmi rufaffe saboda kunama. Ranar da aka ɗauke wuta a gari kuwa, soron gida ma ya wadatar.

Ido na bukatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu, kuma kallon waya sau ɗaya ya rushe wannan. A rage hasken waya zuwa ƙarshe, a ɗaure jar leda biyu a bakin tocila. In abin ya yi dishi-dishi, kada a ƙura masa ido. A kalli ɗan gefensa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin ƙaramin haske. Awo kuma da hannu ake yi. Miƙe hannu sosai: faɗin ƙaramin yatsa digiri 1, dunƙulen hannu digiri 10, taƙi wajen 20. Mai son gwadawa ya auna tauraron arewa, wanda ba ya gusawa. A Tahoua dunƙule ɗaya da rabi yake daga ƙasa. Daga nan in an ce tana dunƙule biyu dama da Zara, kowa ya gane.

Game da na'ura, shawarata kada mafari ya sayi teleskof. Abin da yake nunawa ɗan fili ne ƙwarai, ga wahalar saiti. Madubin hangen nesa mai ido biyu, jumel ɗin nan, shi ne daidai: 7x50 ko 10x50. Lambar farko yawan kusantarwa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, kuma ta biyun ce ke tara haske. In ka raba 50 da 7 za ka samu milimita 7, faɗin hasken da ke fitowa zuwa ido. Ƙwayar idon dattijo ba ta cika buɗewa fiye da 5 ba, don haka 10x50 ya fi masa. Yuji Hyakutake na Japan da irin wannan madubi, babba mai 25x150, ya gano tasa a Janairun 1996. A yi hattara da na kasuwa masu jan gilashi da aka rubuta wa lambobi na ƙarya. Kafin a biya, a hango hasumiyar masallaci ko eriya mai nisa: in abu ɗaya ya zama biyu, ko ido ya fara ciwo, bututun biyu ba su daidaita ba, kuma gyaransa wuya. Wajen saiti, rufe idon dama ka murɗa na tsakiya har tauraro ya zama ɗigo, sannan rufe na hagu ka murɗa zoben da ke idon dama. Rawar hannu na ɓatar da abu mai rauni, saboda haka a dogara gwiwar hannu a katanga ko kan mota. Ƙura kuma kada a goge ta da bakin riga, yashi ne, zai karce gilashin. A hure ta tukuna, a share da tattausan ƙyalle. Abu ɗaya da babu wasa a cikinsa: kada a ɗora madubin a ido ana lalube yamma sai rana ta faɗi gaba ɗaya. Daƙiƙa ɗaya ta isa ta ƙona ido, kuma yara su ne abin ji.

Wanda ya ga tabo kada ya yi saurin shela. Akwai tarin taurari masu nisa da ke kama da ita sak, irin su Andromeda. Charles Messier na Faransa ya gaji da ruɗin da suke yi masa ne ya jera su a ƙarni na 18, jerin da yau ke da 110. A zana tabon da taurari huɗu ko biyar na kewaye da shi, a rubuta lokaci, a dawo gobe. In ya gusa, ita ce.

Manhajar Stellarium kyauta ce a kwamfuta, tana nuna inda take, amma kuskure biyu ke kayar da mutane. Sabuwar tauraruwa sai an shigar da bayananta, ba ta zuwa a ciki. Sannan lokaci: jadawalin masana da agogon GMT yake, Nijar na gaba da awa ɗaya. Wanda ya manta ya ƙara, ya kauce da dunƙule ɗaya da rabi. Hoto da waya kuma yana yiwuwa in ta kai lamba 4 ko 5: a kafe wayar a kan abu, a sa ISO (ma'aunin yadda kyamara ke jin haske) 1600 zuwa 3200, lokacin tara haske daƙiƙa 5 zuwa 10, a sa ta jira daƙiƙa uku kafin ta ɗauka don kada taɓawa ta girgiza ta. Kada a jawo hoton da yatsa, ɓata shi kawai yake yi.

Na san karin maganar da ke cewa ganinta ba alheri ba, da zancen mutuwar babban sarki. Fatawa ta malamai ce, amma kowa ya san hadisin husufin da aka yi ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), inda ya bayyana cewa rana da wata ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa. Ta fuskar lissafi kuma, Edmond Halley ya nuna a 1705 cewa wadda aka gani a 1531 da 1607 da 1682 guda ɗaya ce, ya ce za ta dawo wajen 1758. Ya rasu bai gani ba, wani manomi Bajamushe, Johann Palitzsch, ya fara hango ta a Disambar shekarar. Ta zo a 1910 da 1986, ana jiran ta a 2061. Sarakuna kuwa kowace shekara suna rasuwa.

Roƙona, ranka ya daɗe, in wata ta sake tasowa, jaridarka ta buga lambar haskenta ta ranar, ba ta hasashen wata uku baya ba. Ta faɗi yamma ce ko asuba, dunƙule nawa daga ƙasa a Yamai da Tahoua, kusa da wane tauraro da jama'a suka sani, da kwanan watan Musulunci. Lokacin a ba da shi da agogon Nijar, a haɗa da magariba ko kiran asuba. In za a sa hoto, a rubuta daƙiƙa nawa kyamara ta yi tana tara hasken. Malaman kimiyya na makarantunmu da gidajen rediyon gari za su iya ɗauka daga nan.

Na gode. Wassalam.

Daga wani mai sha'awar ilimin taurari,
Tahoua.