A Waiwayi Garkar Bayan Ɗaki Kafin Irin Gida Ya Ƙare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaishe ka da ma'aikatanka, da fatan an ga kaka lafiya.

Ni tsohuwar malamar firamare ce, na yi ritaya, ina zaune a ƙauyenmu a ƙasar Ɗambatta. Jaridarku takan iso mini ta hannun ɗana da ke aiki a Kano, sai ƙarshen mako idan ya zo gida, amma ko ta kwana nawa ba na tsallake shafin noma. Ina karanta labarin taki da bashin manoma da tarakta da farashin buhu a Dawanau, kuma ina karanta wa maigidana Malam, domin shi manomi ne, abin ya shafe shi kai tsaye. Sai dai a tsawon shekarun nan ban taɓa cin karo da labarin gonar da ta fi kusa da tukunya ba, wato garkar da mace take yi a bayan ɗakinta. Abin da ya faru a gidana ranar Alhamis da ta wuce shi ya sa na ɗauki biro.

Tawa garkar ba girma gare ta ba. Taku goma sha biyu ne tsawonta, faɗinta bakwai, an kewaye ta da dangar karan dawa da ake sabuntawa duk shekara bayan girbi. Amma tun daga watan Yuli zuwa yau ban sayi ganyen miya ba ko na naira ɗaya. Akwai kuɓewa layi uku, yakuwa da rama a gefe, alayyafo, barkono, gauta, zogale biyar a jikin danga, ga lalo da karkashi da suke fitowa da kansu ba wanda ya shuka su. Kabewa kuwa sakin ta nake yi ta hau rufin ɗakin girki. Takinta kashin awaki ne da tokar murhu, sai sharar tsakar gida.

Yanzu da ruwa ya ɗauke, aikin ya koma na tanadi. Bayan sallar asuba nakan zauna da jikata mu yanka kuɓewa sirara-sirara, mu baza a tabarma a kan rumfa inda kaji ba sa kaiwa. Da iskar nan ta kaka, kwana uku zuwa huɗu ta bushe, idan ka damƙa ka ji tana ƙaras-ƙaras. Zogale da kuka ba a shanya su a rana, a inuwa ake baza su, in ba haka ba sai su koɗe su yi fari-fari, miyar ta fito ba armashi. Yakuwa ba a zubar da komai nata: ganye a busar, zoɓo a ware, 'ya'yan kuma a tara don daddawar batso. Kabewa a tsinke ta da ɗan gindinta, kada a ɓalle shi, a jera a ƙarƙashin gado a kan yashi, sai ta yi watanni ba ta ruɓe ba. A cikin wani tsohon baho da na huhhuda na yafa irin tumatir da tattasai, nan da mako biyu zan dasa su a fangali, su sha sanyin hunturu. Bokiti shida na ruwan rijiya suke ci kullum da safe, ruwan alwala kuma gindin zogale yake tafiya.

To, mu shida ne ƙawaye, tun muna amare muke adashi tare, yau fiye da shekara talatin. Mun saba duk kaka, idan an shigo da dawa, ɗaya daga cikinmu ta yi girki ta kira sauran. Bana ni ce da girki. Tun daren Laraba na sa aka surfa sabuwar farfara aka kai niƙa, na soya gyaɗa na murje, jikata ta daka. Da safe na hau kan turmi na sauko da kabewar da ta fi kowacce nuna, mai ɓawo kamar ƙwarya, sai da Malam ya sa adda ya fasa mini ita. Cikinta ja wur. Na ɗora ƙashin rago da albasa da daddawar kalwa tun hantsi, na zuba kabewar ta narke a ciki har ba ka ganin yanka ko ɗaya, sannan gyaɗa, sannan yakuwa kaɗan don tsami, alayyafo a ƙarshe, na sauke kafin ya yi baƙi. Ban sa ɗanɗanon kanti ko ƙwaya ɗaya ba. Na kuma yi kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, na dama kunun tsamiya na sabon gero, wata Bafulatana da muke ciniki tun tuni ta kawo man shanu.

Bayan azahar suka iso. Muka shimfiɗa tabarmi biyu a gindin darbejiya, aka ajiye akushi a tsakiya. Babbarmu, wadda duk muke kira Yaya, ta kai loma ɗaya ta tsaya, ta ce, "Wannan daddawar ta hannunki ce ko ta kasuwa?" Na ce, "Tawa ce, Yaya, kalwar bara." Ta gyaɗa kai ta ci gaba da ci, ba ta ƙara magana ba sai da ta suɗe hannu. Wanda ya san Yaya ya san yabon ke nan. Muka ci, muka yi hirar 'ya'ya da jikoki, da wadda za a aurar bayan an sayar da wake, da ciwon gwiwar da ya addabi kusan dukkanmu. Na zuba wa maƙwabta gida huɗu, almajiran da suka yi sallama su ma suka samu.

Amma abin da ya fi cin abincin muhimmanci a wurinmu shi ne abin da yake biyo baya. Idan an kwashe kwanuka sai a ajiye faifai a tsakiya, kowacce ta kwance ƙullin da ta zo da shi a bakin mayafi. Wannan ta kawo 'ya'yan kabewa a cikin toka, waccan barkono mai ɗan karen yaji da ta samo daga dangin mijinta, wata irin duma na ludayi, wata wake kanannado da ba a gauraya shi da komai ba. Kowacce ta ɗebi abin da ba ta da shi. Ba a saye, ba a sayarwa, ba a ma godiya mai yawa, don kowa ta san baɗi ita ma za ta nema.

Bana ni na zauna ina jiran abu guda, kuma bai fito ba.

Akwai wata kuɓewa da muke ce wa ta Inna. Uwar mijina ce, Allah Ya ji ƙanta, ta zo da ita daga garinsu lokacin da aka kawo ta aure, ta ba ni irin a shekarar da na tare. Doguwa ce, takan fi mutum tsayi, ba ta saurin haihuwa, amma idan ta fara ba ta dainawa, ruwa zai ɗauke sauran kuɓewa su bushe ita tana nan tana ba da 'ya'ya da raɓa kawai. Yauƙinta kuwa cokali ɗaya na garinta ya isa tukunyar mutum goma. Duk shekara nakan bar gindi biyu ba na tsinka, sai 'ya'yan sun bushe sun fara tsagewa, in ɗaure su in rataye a saman murhu inda hayaƙi yake korar ƙwari. Bana na shuka duk abin da nake da shi, na bar gindi biyun kamar kullum. A farkon watan Oktoba muka tafi gaisuwar rasuwa muka kwana biyu, awaki suka fasa danga ta inda ruwan sama ya ruɓar da karan. Da na dawo sai sanduna na tarar. Na ji zafi, amma na kwantar da raina, don na san na raba wa ƙawayena uku irin nan da hannuna.

Da na tambaya ranar Alhamis, ta farko ta ce ɗanta ya rushe ginin ƙasa ya yi na bulo shekara biyu da suka wuce, ya malale tsakar gidan da siminti har bakin katanga, ko tafin hannu na ƙasa bai rage mata ba. Ta biyu ta ce ta koma irin fakiti, saboda yana saurin haihuwa kuma shi 'yan sari suke so. Ta uku ta ce ta ajiye nata a leda, ya yi gumi ya yi fumfuna. Wurin ya yi tsit. Can sai Yaya ta ce, "To, ta Inna ta bi Inna ke nan." Ina da rabin tulu na busasshiyarta a ɗaki, amma ɗanya aka yanka ta, 'ya'yan ba su ƙosa ba, ba za su tsiro ba. Duk ranar da na kaɗa miya da ita ina sane da cewa raguwa take yi.

Ranka ya daɗe, ba ina kushe irin zamani ba ne. Malam yana shuka waken da ya fito daga masu bincike, na cibiyoyin binciken noma na Samaru ta Zariya da IITA da ke Kano, kuma mun ga amfaninsa, yana nuna da wuri, wuta-wuta ba ta cinye shi kamar na da. Amma irin kayan miya na fakiti wanda aka yi wa aure, idan ka ɗebi 'ya'yansa ka sake shukawa ba ya fitowa kamar uwarsa. Dole duk shekara ka koma shago da kuɗi a hannu. Mace a ƙauye ba kullum take da wannan kuɗin a farkon damina ba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma komai na gida ya tafi taki. Irin gida shi ne wanda yake jiran ta a saman murhu ko tana da kuɗi ko ba ta da shi, kuma ya saba da ƙasarmu da ruwanmu, don shekara da shekaru hannun mata yana zaɓen gindin da ya fi kyau.

Mun kuma ga ranarsa. A 2016, da tsutsar nan da manoma suke kira sharon ta cinye tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, kwando ya gagari mutane, gidajen da suke da kauɗa da busasshiyar kuɓewa da kuka da daddawa ba su kwana ba miya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, masu noman rani a bakin madatsar Tomas suke kuka da kuɗin man injin ban ruwa, kuma kukan nan a farashin kayan miya yake ƙarewa. Garkata ba ta shan fetur, guga da igiya ne.

Ina aji biyar a 1976 lokacin da gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa. Makarantarmu tana da lambu, kowane aji da fangalinsa, kuma a nan na fara koyon tazarar da ake bari tsakanin shuka da shuka. Da na zama malama na riƙe wannan al'ada iya ƙarfina, amma kafin in bar aiki filin lambun ya zama azuzuwa, ba a kuma ware wani ba. Yarinya yanzu takan gama sakandare a ƙauye ba ta san yadda ake cire irin kabewa ba. Matar ɗana, yarinya mai hankali da ladabi, ranar nan ta ce mini, "Mama, me ya sa kike zuba toka a cikin iri?" Ba laifinta ba ne, ba wanda ya taɓa nuna mata. Na zaunar da ita na nuna mata, yanzu tana da zogale da alayyafo a cikin buhunan siminti a gidan hayarsu a Kano.

Roƙona gare ku shi ne ku ba wannan noma gurbi a shafinku, ko sau ɗaya a wata. Kuma ku turo mace ta ɗauko labarin. Malamin gona namiji iyakarsa zaure, wakilinku ma haka, garka kuwa tana can cikin gida inda aka rubuta ba shiga. Ku bar tsofaffin mata su faɗi da bakinsu yadda ake ajiye iri, da abin da ake shanyawa a rana da wanda ake bazawa a inuwa, da yadda ake adana wake da barkono da toka, ko a buhun nan mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga, maimakon zuba masa maganin ƙwari da yara za su ci. Ku yi wa masu gini magana su riƙa bar wa iyayensu mata ko da taku biyar na ƙasa a bayan ɗaki kafin su zuba siminti. Masu bincike na jami'o'inmu kuma su shigo ƙauye su karɓi irin da ya rage a hannun mata su adana, tun masu shi suna da rai su faɗi sunansa da halinsa.

Sannan ina da roƙo na kaina ga masu karatu. Uwar mijina daga wajen Kazaure ta fito. Idan akwai wadda take da doguwar kuɓewa mai jan jijiya a ganye, wadda take ci gaba da haihuwa bayan ɗaukewar ruwa, don Allah ta bar gindi ɗaya ya bushe bana, ta aiko da saƙo ta hannun wannan jarida. Ɗana zai bi sawu ya karɓo mini ko da 'ya'ya goma ne, ni kuma zan aika mata da irin kabewata da daddawar hannuna. Malam ya riga ya sare sabon kara, ranar Asabar za a ɗaure danga.

Na gode, Allah Ya ƙara ɗaukaka.

Taku mai karatu,
Tsohuwar malamar firamare,
Ƙaramar Hukumar Ɗambatta, Jihar Kano.