Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyar Masu Kai Hatsi Kamfanoni, Zariya

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Aikin da ya fi cin lokacin kwamiti a bana shi ne kuɗinmu da ke kwana a hannun kamfanoni. Mutum ya sayi masara a Giwa ko Saminaka kuɗi hannu, ya kai kamfanin abincin kaji, a ce sai bayan kwana 45 ko 60. Ga bashin banki da tsada: a Nuwamba 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5.

Mun yi zaman bita kan sayar wa banki takardar neman biya. Kamfani ya sa hannu ya karɓi kaya, banki ya ba ka kaso mafi yawa nan take, sauran sai kamfani ya biya. Misali, takardar naira miliyan 10, a ba ka miliyan 8, caji kashi 3 a wata kan miliyan 8 ɗin: wata biyu ya cinye naira 480,000. Wanda ribarsa a tirela ba ta kai haka ba, kada ya shiga.

Matsalar tana faruwa tun a bakin sikeli. In danshin masara ya haura kashi 14, ko aka samu tsakuwa da ƙwari, kamfani ya zaftare kuɗi bayan banki ya riga ya biya, giɓin kuma kan mai kaya yake. Don haka a auna danshi kafin lodi, kuma takardar sikeli da ta karɓar kaya su nuna nauyi ɗaya.

Akwai kuma tsarin da banki ke duba ƙarfin kamfani mai saye, ba na ƙaramin ɗan kasuwa ba. Ya fi araha, amma a ganinmu ana yawan zuzuta shi. Greensill ta Ingila, wadda ke ba da kuɗi ta wannan tsari, ta durƙushe a Maris 2021, an gano har cinikin da ba a yi ba tukuna tana ba da kuɗi a kansa. Daga Janairu 2024 ƙa'idojin akanta na duniya sun wajabta wa kamfanoni bayyana irin wannan bashi a rahotonsu.

Dokar jinginar kadarori masu motsi ta 2017 ta ba da damar jinginar hatsin sito a rajistar Babban Banki. A duba rajistar kafin a karɓi rasit ɗin sito, wato takardar shaidar hatsin da ke ajiye, don ana jinginar kaya ɗaya sau biyu.

Mambobi da dama sun ƙi tsarin sayar da takarda, da hujjar cewa sayar da bashi da ragi riba ce ta haramun a wurin mafi yawan malamai. Kwamiti zai kawo bayanin salam (biyan kuɗin kaya tun kafin a kawo su) da murabaha (banki ya sayi kaya ya sayar maka da ribar da aka bayyana), irin na bankin Jaiz, a taro na gaba. Mai sha'awa ya ba sakatare sunansa.