Sanarwa ga ƴan Zumuntar Mata kafin Kirsimeti

Salama a gare ku, iyayena da ƴan'uwana cikin Almasihu.

Tun makon jiya hirar rukunin nan ba ta wuce anko, tsadar shinkafa da telan da ya riƙe ɗinki. Ba laifi, ni ma zanena yana can wurinsa. Amma wani abu ya tsaya mini a rai.

A Matiyu 1:21 mala'ika ya ce wa Yusufu a raɗa wa jaririn suna Yesu, gama shi zai ceci mutanensa daga zunubansu. Tushen bikin ke nan. To yaya za mu sha anko iri ɗaya, mu jeru a benci guda, alhali wasunmu ba sa ga-maciji tun rikicin adashen bara? Gaisuwa ma sai dai a ɗaga kai. Ku duba Matiyu 5:23-24, a ajiye baiko a gaban bagade, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna.

Don haka ranar 24 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma, mu haɗu a majami'a don addu'a da neman gafarar juna kafin gwajin waƙa. Kowacce ta taho da mudun shinkafar gwauraye. Ni zan fara, akwai wadda na ɓata wa rai.