A riƙa kai yaran zango tsibirin Dodi, amma da ɗan jagora mai jin Hausa

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina gaisheka da ma'aikatanka da duk masu karanta wannan jarida tamu, musamman 'yan uwana na zangunan Ghana, Nima da Mamobi da Sabon Zango da Fadama da Madina, har Aboabo da Asawase can Kumasi. Dan Allah a bani ɗan fili, akwai maganar da ta tsaya mani a rai kuma nasan ta wannan shafin zata isa kunnen waɗanda nake so su ji.

Maganar itace mu mutanen zango bama fita mu ga ƙasar da muke zaune cikinta. Yaro zai tashi a Nima ya girma har yayi aure bai san komai ba sai Sarkal da Makola da bakin teku na Labadi ranar yawon sallah, in kace mashi ina wutar lantarkin ɗakinsa take fitowa zai ce Akosombo saboda yana jin sunan duk ranar da aka yi dumso, wato aka ɗauke wuta, amma bai taɓa ganin wurin ba, alhali daga Ankara, wato Accra babban birninmu, zuwa can tafiyar awa biyu ce ko sama da haka kaɗan in hanya da cunkoso. Turawa suna biyan kuɗin jirgin sama su zo su gani, 'yan coci suna cika bas su tafi, ma'aikatan banki suna zuwa da iyalansu, mu kuwa shiru. In ka kawo maganar sai ace maka ai wannan yawon banza ne, ko kuma ace abin masu kuɗi ne. Ni dai ban yarda ba.

Bayan ƙaramar sallah ƙungiyarmu ta unguwa muka haɗa kuɗi ta hanyar adashi, kowa yana turo nashi ta momo, wato ta waya, muka ɗauki bas da ɗan jagora zuwa tsibirin Dodi dake cikin tafkin Bolta. Ga wanda bai sani ba, jirgin ruwan dake kai mutane Dodi daga tashar Akosombo yake tashi, galibi ƙarshen mako ne da ranakun hutu, ya tashi da hantsi ya dawo bayan la'asar, saboda haka dole ka bar Ankara ana idar da sallar asuba. Hanyar ta Tema ake bi a wuce Afienya, a Shai Hills zaka ga gwaggon birai zaune bakin titi suna jiran wanda zai jefa masu abinci, sai Kpong, sai Atimpoku inda gadar Adomi take, wadda aka gama tun 1957. A nan mata suke rufe mota da tire a ka, abolo da jatan lande da ƙananan kifin nan soyayyu, kowa ya miƙa hannu ta taga. Wannan ɓangaren tafiyar kaɗai ya ishi yaro labarin sati guda.

Ɗan jagoran namu saurayi ne mai hankali da ladabi, kuma tsakani da Allah ya san aikinsa. Tun cikin bas ya fara bayani da turanci yana sirkawa da yaren Tuwi. Yace an fara gina madatsar ruwa ta Akosombo, wadda ta tara tafkin, a 1961 aka gama a 1965, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966, wata ɗaya bayan nan sojoji suka hamɓarar dashi. Yace babban dalilin ginin harda samar da wuta ga kamfanin narkar da alminiyam na Valco dake Tema, kuma har Togo da Benin ana sayar masu da wutar. Ya faɗi faɗin tafkin, kusan murabba'in kilomita 8,500, ɗaya daga cikin tafkuna mafi girma da ɗan adam ya tara da hannunsa a duniya, ruwan Baƙar Bolta da Farar Bolta da Oti da Afram duk nan suke haɗuwa. Sannan ya kawo maganar mutanen da ruwa ya tasa, wajen mutum 80,000 daga ƙauyuka ɗari bakwai da wani abu, gwamnati ta gina masu sabbin garuruwa 52 ta zuba su. Duk wannan gaskiya ne kuma naji daɗin da yaranmu suka ji shi.

To amma Malam Edita ga inda take. Rabin mutanen dake cikin bas ɗinmu iyayenmu mata ne da dattawa, turancin nan wucewa yake ta saman kansu, sai dai su kalli taga. Kuma ko da sun ji, labarin da ya shafe mu kai tsaye baya cikin abinda aka koya wa yaron, ba laifinsa bane, a makarantar da ya koyo aikin ba'a sa labarin zango a ciki ba.

Muna tsakiyar ruwa, duwatsu masu duhun itatuwa dama da hagu, iska na kaɗawa, masu kiɗa na ta hayilayif a ƙasa, sai wani dattijo cikinmu da muke kira Baba Alhaji, wanda iyayensa mutanen Krachi ne, ya jingina da ƙarfen jirgin ya nuna arewa da carbinsa yace mani, Malam, ka san in jirgin nan ya miƙe bai tsaya ba har gobe, kan gidan ubana zai bi ya wuce? Nace Baba kamar yaya? Yace tsohon garin Kete da zangonsa da masallatansa da kasuwarsa ai suna ƙarƙashin ruwan nan, Kete Krachi da kuke ji yanzu sabon wuri ne da aka mayar da mutane can kan tudu. Wallahi kafin ya rufe baki yara sun bar kallon masu kiɗa sun zagaye shi, har wata jikarsa tana jan hannun rigarsa tana cewa Kaka to kabarin su waye a ciki, shi kuma yayi shiru na ɗan lokaci kafin ya ci gaba.

Ya basu labarin fataucin goro, yadda ayari ke tasowa daga Kano da Katsina da Sakkwato da jakuna, ga madugu ga jagaba a gaba, watanni ana tafiya ɗauke da kanwa da tufafin rini da fatu har a iso ƙasar Gwanja a arewacin Ghana, a sauke a Salaga a sayi goron da Tonawa, wato mutanen Asante, ke kawowa daga daji a juya. Bai ɓoye masu ba cewa a kasuwar Salaga harda bayi ake sayarwa, kuma naji daɗin da bai ɓoye ba, gara yaro ya ji daga bakin kakansa. Yace da yaƙin basasa ya ɓarke a Salaga a 1892 sai 'yan kasuwa da malamai suka watse, da yawansu suka gangaro Kete, nan zangon ya cika ya batse, Jamusawa ma suka kafa barikinsu a wurin. Cikin waɗanda suka koma can akwai Alhaji Umaru na Kete Krachi, haifaffen Kano, babban malami da ya rubuta waƙoƙi da larabci da Hausar ajami harda na zuwan turawa, ya rasu a 1934, ɗalibansa suka bazu zangunan ƙasar nan kaf. Yanzu fisabilillahi yaran makarantunmu nawa ne suka san wannan sunan? Suna haddace shekarar da aka gina kasul ɗin Elmina don cin jarabawa, amma malamin malaman kakanninsu ko labarinsa basu taɓa ji ba.

Shi kanshi ɗan jagoran matsowa yayi ya tsaya yana saurare, ni nake fassara mashi, daga baya ya ciro waya yana rubutawa yana tambayar yadda ake rubuta sunayen. Wannan ya nuna mani ba ƙi akayi ba, babu wanda ya kai masu labarin ne.

Tsibirin kanshi ba wani babban wuri bane kuma ba'a daɗewa, jirgi zai tsaya a sauka a ɗan zaga a hau tudu a kalli ruwa ta ko'ina a dawo. Akwai mutane dake zaune a can, masunta ne da 'yan gonakinsu, yara suna tarbar baƙi da ganguna da rawa ana basu 'yan canji. Wannan ɗin bai kwanta mani ba ko kaɗan, yaro ƙarami ba takalmi yana rawa cikin rana yana kallon hannunka, mu da muka san ciwon yadda ake kallon yaranmu na zango bai kamata mu je mu tsaya muna ɗaukar hoton na wasu muna dariya ba. In za'a je a tafi da littattafai da fensir da sabulu da takalma a damƙa wa manyansu cikin mutunci. Kowa a ƙasar nan yana jin labarin ƙananan yara da ake sa su aikin su a tafkin nan, suna nutso su kwance taru da ya maƙale a kututture, wasu basa fitowa, saboda haka ba wurin da mutum zai je ya ci ya sha ya rufe ido bane.

Maganar kututture kuwa, da aka tare ruwan ba'a sare dajin ba, itatuwan suna nan tsaye a ƙarƙashi, wani wurin zaka ga kawunansu sun leƙo baƙi ƙirin. Sune suke fasa kwale-kwale, in aka haɗa da lodin da ya wuce ƙima da iskar damina sai kaji an yi asarar rayuka, mutanenmu masu zuwa kasuwar Yeji da Dambai sun fi kowa sanin wannan. Don haka duk wanda zai kai yara, kafin jirgi ya motsa ya tambayi ina rigunan ruwa suke, ya gansu da idonsa, ya tabbata akwai daidai ƙananan yara, kar kunya ta hana shi. Kuma in wani ya zo yace zai zaga daku cikin ƙaramin kwale-kwale da araha ba rigar ruwa, ku ce mashi kun gode. Abu na biyu da ba kowa ke faɗa maka ba shine tsargiya. Tun da aka tara ruwan nan cutar ta yawaita a garuruwan bakin tafkin saboda ƙananan dodon koɗin dake ɗauke da ita suna son ruwa mai kwanciya da ciyayi, yaro yana tsoma ƙafa a gefe tana iya shiga ta fata, sai bayan makonni kaga yana fitsarin jini. Mu dai mun hana yara shiga, alwala ma da ruwan leda mukayi.

Sallah kuma azahar a kan ruwa take samunku. Mu mun jira har aka sauka tsibirin muka shimfiɗa tabarma gindin wata bishiya, waya ta nuna mana alƙibla, maza gaba mata baya, babu wanda ya tsangwame mu, wani ma'aikacin jirgin ma shi ya kawo mana bokiti. Zancen haɗa azahar da la'asar ko yin ƙasaru wannan ku tambayi malaminku tun a gida kar a je can ana gardama gaban baƙi. A sani kuma jirgin na kowa da kowa ne, akwai kiɗa akwai masu shan abin shansu, wanda zai je ya san da haka, mu sama muka hau muka kama gefe ɗaya. Abinci ana bayarwa, amma iyayenmu mata basu yarda da naman da basu san wanda ya yanka ba, kifi suka ci, kuma dama Hajiyoyin sun taho da kulolin wake da shinkafa da shito da fura, har waɗanda ba namu ba saida suka samu rabo.

Roƙona ga sarakunan zango da limamai da masu makarantun islamiyya da samarin dake zaman bes suna shan ataya har tsakar dare shine a ɗauki wannan abu da gaske. Muna da yara da suka gama jami'a a Legon da Kumasi da Cape Coast suna zaune ba aiki, suna jin Hausa da turanci da Tuwi wasu harda larabci da faransanci, me zai hana wasunsu su koyi aikin jagoran baƙi su yi rajista yadda doka ta ce, su zauna da irin su Baba Alhaji tun suna da rai su kwashi abinda ke kansu? Baƙi daga Najeriya da Nijar suna shigowa Ankara kullum don biki da kasuwa da maulidi, in akwai mai kai su Akosombo ya yi masu bayani da Hausa wallahi zasu biya, kuma abinci ne na halal. Kuɗin tafiyar ba kaɗan bane ga mai iyali, bazan ɓoye ba, amma abinda muke kashewa a anko na biki ɗaya ya isa ya kai yara uku su dawo.

Ku ma 'yan jarida da naku, ku turo wakilinku ya hau jirgin nan, in da hali ya wuce har Krachi da Yeji ya tsallaka Makango ya isa Salaga ya rubuto mana abinda ya gani da Hausa. Mu dai ƙungiyarmu mun fara sabon adashi don bayan babbar sallah, wannan karon 'yan makarantar allo da na islamiyya zamu ɗauka, kuma muna neman duk wanda iyayensa suka taso daga tsohon Kete ko yake da tsofaffin takardun ajami na can a gida, ya aiko da saƙo ta hannun wannan jarida mu neme shi ya shiga bas ɗin tare damu, kuɗin kujerarsa mun ɗauka.

Nagode Malam Edita, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Naku, mai karatu daga Nima, Ankara.