Teloli, ku daina taɓa sukurun shatil

Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon fili a jaridarku don jan hankalin teloli, musamman masu koyo, kan matsalar cukurkuɗewar zare a keken ɗinki. Da zarar an juya yadi an ga zare ya dunƙule a ƙasa, sai ka ga an zaro shatil, wato ɗan kwanson ƙarfen da kwarkwaron zaren ƙasa ke zama a ciki, an hau murɗa ɗan sukurunsa. Galibi ba nan ciwon yake ba. Zaren da ya taru a ƙasa na sama ne, wanda bai samu riƙo ba, keke ya ja shi ƙasa ya kasa mayar da shi. Mai shakka ya sa jan zare a sama, fari a kwarkwaro, ya ɗinka ƙyalle, ya ga launin da ya taru.

Saboda haka a fara da zare zaren sama gaba ɗaya, a sake sa shi, ƙafar keke, wato ƙarfen da ke danne yadi, tana ɗage. Dalili shi ne faifan nan biyu na tenshan, masu matse zaren sama, suna buɗewa ne idan an ɗaga ƙafa. In an sa zare ƙafa tana ƙasa, sai ya hau bayansu bai shiga tsakani ba, ko za a ɗaure notin da ke matse faifan har ƙarshe ba zai riƙe ba. Gwajin ba wuya: sauke ƙafa, ja zaren. In ya yi nauyi ya shiga, in ya taho salin-alin bai shiga ba. A kuma tabbata ya bi ta ramin ƙarfen nan mai hawa da sauka, domin shi ke janye rarar zare bayan kowane ɗinki. Guntun zare ko ƙurar hunturu a tsakanin faifan su ma suna hana riƙo, sai a zura ƙyalle mai tsabta a goge.

Sai allura. Dogon kwarmin jikinta ya fuskanci ɓangaren da zare ke shigowa. A baƙaƙen kekuna irin su Butterfly, gefen gindin allurar da ke shafe yana kallon dama, zare ya shiga daga hagu. A tura ta sama har ta tokare kafin a ɗaure. Lamba 11 ta yadi marar nauyi ce, 14 ta atamfa, 16 ta shadda mai kauri, 18 ta jins. Allurar da ta lanƙwashe ko ta dakushe a jefar da ita, kuɗinta bai kai na shaddar da za ta ɓata ba.

Akwai laifin da ba na keke ba ne, na mai ɗinki ne. Wili yana juyawa ne zuwa wajen mai ɗinki kawai. Ɗan koyo kan taka feda wilin ya koma baya, nan take zare ya sarƙe a gidan shatil. Haka fara ɗinki ba a riƙe bakin zarurrukan biyu ba: a ja su kamar santimita 10 zuwa baya, a danne da yatsa har ɗinki uku na farko. Ɗinki mai kauri kuwa yakan sa a manta ba a sauke ƙafa ba.

In duk wannan bai yi ba, sai a leƙa ƙasa. Kwarkwaron da aka naɗa a karkace, ko aka cika har yana gogar shatil, a sake naɗa shi. A kwance farantin allura, a share audugar da ta taru a haƙoran da ke jan yadi da gidan shatil, a ɗiga man keke ɗigo ɗaya ko biyu. Man gyaɗa kuwa daskarewa yake yi ya kama ƙura. A shafa bakin ƙugiyar da ke kamo zaren sama a gidan shatil da yatsa, in akwai kaushi daga bugun allura, a goge da sanfefa mai laushi.

Yanzu ne za a gwada shatil. Riƙe bakin zaren, shatil na reto, ka ɗan girgiza. Ya kamata ya sauka kaɗan ya tsaya. In ya zube ƙasa a ɗaure sukurun, in ya ƙi motsi a sassauta, kwatan juyi kawai kowane lokaci. Idan kuma keke yana tsallaken ɗinki yana karya allura, to ƙugiya da allura sun saɓa lokaci, wannan aikin makanike ne.

Naku,
Wani mai gyaran keken ɗinki, Zariya